Wata uku tsakanin asibiti da ɗakin gwaji: yadda aka gano ciwon damuwar Hajiyarmu

Hajiyarmu na da shekara 63, kuma shekara 11 ke nan tana shan maganin ciwon suga. Abin ya faro ne a hankali. Ta daina zuwa biki da suna, ta bar Islamiyyar da take zuwa da yamma, rediyon da ba ya rabuwa da ita ya koma ƙarƙashin gado. Takan farka tun ƙarfe uku na dare, barci kuma ba ya dawowa. In an tambaye ta sai ta ce, "Ni dai zuciyata ce ba daɗi, ƙafafuna kuma kamar ana tsira min allura." Wajen sha ɗayan safe hannunta kan kama rawa, gumi ya karyo mata, ta yi ta faɗa da jikoki a kan abin da bai kai ya kawo ba. A gida kowa da fassararsa. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce kewar marigayi Alhaji ce, wasu suka kawo zancen iska. An yi ruƙiyya, addu'a kuwa har gobe ana yi. Abin da zan kawo a nan hanyar asibiti ce daki-daki, domin mun ɓata mako biyar a kan abin da kwana goma sun ishe shi da mun san tsarinsa.

Zuwan farko asibitin da ta saba zuwa ne, ranar masu ciwon suga. Mun isa shida da rabi na safe ba ta karya ba, aka karɓi kati, aka ba mu lamba, nas ta auna hawan jini da nauyi, ta tsira mata yatsa. Suga ya nuna 6.8. Ba mu shiga wurin likita ba sai wajen sha ɗaya, kuma da mutum sama da hamsin a bayanmu ba mu samu fiye da minti biyar ba. A nan muka yi kuskuren farko, da bakinmu. Da ya tambayi me ke tafe da mu, cewa muka yi "ba ta jin daɗin jikinta". Wannan magana ba ta ba likita komai da zai kama. Ya ga suga ya yi kyau, ya sake rubuta magungunan da take sha, ya ce mu dawo bayan wata biyu. Abin da ya kamata mu faɗa shi ne: wata huɗu ke nan ba ta sha'awar abin da take so a da, tana farkawa cikin dare, ta rame, tafin ƙafarta na yin dindiris, kuma kusan kullum kafin azahar tana rawar jiki da gumi. Gwajin suga na safe kuwa lokaci ɗaya tak yake nunawa cikin awa 24. Abin da ke faruwa bayan an haɗiyi magani ba ya fitowa a cikinsa.

Kuskure na biyu a kemis muka yi shi a hanyar gida. Muka sayi maganin ƙarin jini na kwalba, ta sha na mako uku. Mai kemis ya ce a yi mata allurar ƙarin ƙarfi, Allah ya taimaka Hajiya ta ƙi. Daga baya muka gane cewa da an yi allurar, da ta ɓoye ainihin abin da ake nema a gwaji.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, muka tafi babban asibiti, sashen da ake fara ganin kowa kafin a tura shi wurin ƙwararru. Buɗe sabon fayil ya ci naira 2,000, kuma tsarin shi ne kowane mataki sai an je wurin biyan kuɗi an kawo rasit tukuna. Ku tafi ku biyu, ɗaya ya zauna da mara lafiya, ɗaya ya bi layin biya. Wannan karon mun zuba duk kwalayen magungunanta a leda ɗaya, har da na gargajiya da na kemis, muka kuma rubuta alamomin a takarda da lokacin da kowacce ta fara. Likitar ta zazzage ledar a kan tebur: metfomin miligiram 1000 sau biyu a rana, gilibenkilamaid miligiram 5 da safe, duka biyun na ciwon suga, maganin hawan jini, sai omefirazol da take sha kusan shekara uku saboda gyambon ciki ba tare da an sake dubawa ba. Sannan ta ɗauko wata takarda mai tambaya tara da ake kira PHQ-9. Kowace tambaya a kan mako biyun da suka wuce take, kuma amsa na da maki daga sifili zuwa uku, gwargwadon yawan kwanakin da abin ya dami mutum. Jimla na iya kaiwa 27. Daga 5 zuwa 9 abin da sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaici, 15 zuwa 19 ya fara tsanani, 20 zuwa sama ya yi tsanani. Kafin tambaya ta tara likitar ta ce in ɗan ba su wuri. Tambayar ita ce ko mutum kan ji gara a ce ya mutu, ko yana tunanin cutar da kansa. Uwa ba za ta amsa wannan a gaban ɗanta ba, don haka in an ce ku fita, ku fita ba tare da jin haushi ba. Da na dawo na tarar idon Hajiya ya yi ja, likitar na riƙe da hannunta tana cewa, "Mama, wannan ciwo ne kamar sugan da kike da shi, kuma yana da magani." Makinta 17. Rabon da in ji nauyi a ƙirjina irin na ranar tun rasuwar Alhaji, amma har da wani sanyi a ciki, don abin ya samu suna.

Dalilin da ya sa ba ta tsaya a rubuta maganin damuwa kawai ba shi ne abin da nake so mai karatu ya fahimta sosai. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin ɗari ce ta nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na makamashin da jiki ke ƙonawa in mutum na hutawa, wato wajen giram 120 na suga a yini. Ba ta da rumbun ajiya na kirki, abin da jini ya kawo a wannan mintin shi take ci. A cikin kowace ƙwayar jijiya akwai wasu ƙananan injina da ake kira maitokondiriya, su ke ƙona suga da iskar da muke shaƙa su fitar da wani sinadari mai suna ATP, wanda da shi ƙwayar ke biyan kowane aiki. Mafi yawansa yana tafiya ne wajen sake shirya jijiya bayan ta aika saƙo, don ta iya aika na gaba. In suga ya faɗi ƙasa da 3.9, jiki kan saki sinadaran firgici don ya ɗaga shi, shi ne rawar hannu da gumi da bugun zuciya da saurin fushi. In kuma ya daɗe a sama, yakan lalata ƙananan hanyoyin jini, ya sa ƙwayoyin jiki su daina jin kiran insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga hanya ya shiga cikinsu, ƙwaƙwalwa kuwa ita ma tana da wuraren da insulin ke sauka. An daɗe da lura cewa ciwon damuwa ya kusan ninka sau biyu a tsakanin masu ciwon suga in aka kwatanta da waɗanda ba su da shi. Sannan injin na bukatar kayan aiki: sinadarin ƙarfe don ɗaukar iska a jini da kuma haɗa sirotonin da dofamin, sinadaran da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, bitamin B12 don gyaran rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi, sai wata ƙaramar gaɓa a gaban wuya, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, da ke tsara saurin aikin jiki gaba ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ya gaza, mutum na iya zuwa da kasala da mantuwa da baƙin ciki. Akwai masu ciwon damuwa da yawa da za a yi wa duk gwajin nan a ga komai lafiya, ciwonsu kuma na gaske ne. Amma dattijuwa mai suga da ƙafa ke yi wa dindiris, barin gwajin ganganci ne.

Gwaji biyar aka rubuta. Ga abin da muka biya, ko da yake farashi ba ya zama wuri ɗaya, ku tambaya kafin ku fito: cikakken ƙidayar jini naira 4,500, gwajin ƙoda da gishirin jini 9,000, gwajin matsakaicin suga na HbA1c 12,000, gwajin maƙoƙo na TSH 10,000, sai B12 da ya ci 22,000. Jimla 57,500. Ukun farko a asibitin aka yi, sakamako ya fito washegari. TSH da B12 sai da muka je ɗakin gwaji mai zaman kansa, na B12 kuma ya ɗauki kwana shida saboda tara jinin mutane suke yi su auna lokaci ɗaya. Babu ko ɗaya a cikin biyar ɗin da ke bukatar a zo ba a karya ba, amma babu wanda ya gaya mana, muka bar mai ciwon suga da yunwa har azahar a banza. Gwajin suga na safe da ake ɗiba a jijiya ne ke bukatar awa takwas ba ci. In kuɗi bai isa a yi duka rana ɗaya ba, ku tambayi likita wanne za a fara. Mu ƙidayar jini da B12 ta ce a sa a gaba. Wani abin lura game da HbA1c: yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku ne ta hanyar jajayen ƙwayoyin jini, don haka a wurin mai sikila, ko mai ƙarancin jini, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, lambar na iya yin ƙarya. Ku faɗa wa likita in akwai ɗaya daga ciki.

Kafin sakamako ya haɗu, likitar ta ba mu aikin gida wanda a ganina ya fi duk gwajin nan amfani. Muka sayi na'urar auna suga naira 18,000 da tsinken gwaji guda hamsin 14,000. Kwana bakwai ana aunawa sau huɗu: da asuba kafin karin kumallo, ƙarfe sha ɗaya, awa biyu bayan abincin rana, da kafin kwanciya, da kuma duk lokacin da rawar jikin ta taso. Kowace lamba a rubuta ta a littafi tare da abin da aka ci da lokacin da aka sha magani. Ku lura da ma'aunin na'urarku. Wasu na nuna lamba irin 6.8, wasu irin 122, kuma abu ɗaya suke faɗa: a ninka ƙaramar lambar sau 18 a samu babbar. Littafin ya tona komai. Hajiya kan sha gilibenkilamaid bayan sallar asuba da shayi da ɓarin goro, ba ta cin komai don ba ta jin yunwa. Sau huɗu cikin kwana bakwai sugan sha ɗaya ya sauka tsakanin 3.3 da 3.8. Da rawar jikin ta kama ta sai ta sha lemon kwalba ko koko mai suga, da rana ta ci tuwon alkama malmala biyu, awa biyu bayan nan na'ura ta nuna 14 ko 15. Ƙwaƙwalwarta kullum tsakanin fari da ambaliya take, gwajin asibiti na safe kuwa yana cewa lafiya lau.

Ranar karɓar bayani mun sake bin layi daga bakwai zuwa goma da rabi. Maƙoƙo lafiya, ƙoda lafiya. HbA1c 7.9. Haimogulobin, wato sinadarin jini mai ɗaukar iska, 11.2, alhali mace ana so ta kai 12. B12 kuwa 158, kuma ƙasa da 200 a wannan ma'aunin ƙaranci ne, tsakanin 200 da 300 ma ana sa ido. Abubuwa uku suka haɗu a kanta. Metfomin in an daɗe ana sha, musamman bayan shekara huɗu kuma da yawa, yana rage yadda hanji ke tsotsar B12. Maganin gyambon ciki yana rage ruwan tsamin ciki, wanda shi ke ɓanɓaro bitamin ɗin daga jikin abinci. Na uku, tun da aka ce tana da suga da hawan jini wani ya gaya mata ta bar nama da ƙwai da nono, ta kuwa bari. B12 a abincin da ya fito daga dabba kawai ake samunsa. Zogale da wake da kuka duk da amfaninsu ba su da shi. Hanta na ajiye na shekaru, shi ya sa ƙarancin ba ya nunawa sai an daɗe, ya zo a sulale har a ɗauka tsufa ne. Maganin ƙarin jinin da muka saya kuma yana da folik asid, wanda kan gyara lambobin jini su yi kyau a takarda alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa. Shi ya sa ba a dogara da ƙidayar jini kaɗai a ce B12 lafiya.

Ba a tsayar da metfomin ba, domin magani ne mai kyau, bitamin ɗin kawai ake mayarwa. Aka rubuta allurar B12 maikirogiram 1000 a tsoka, rana ɗaya a yi rana ɗaya a huta na mako uku saboda ƙafafun, daga nan a koma jefi-jefi yadda likita ta tsara. Ku duba jikin kwalbar da idonku. Allurar bitamin B ta haɗaka da ake yawan yi a kemis ba ita ba ce, B12 ɗin da ke cikinta kaɗan ne ko babu. Nas ta unguwa ce ta riƙa yi mata a gida. Gilibenkilamaid aka cire shi gaba ɗaya aka sa gilikilazaid ƙarami, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta son a ba wanda ya haura 60 gilibenkilamaid saboda yadda yake kayar da suga ya daɗe a ƙasa. Sharaɗi: ba a haɗiye shi sai abinci na gaba. Aka koya mana abin yi in suga ya sauka ƙasa da 3.9: cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa, a jira minti 15 a sake aunawa, in ya hau a bi da abinci na gaske. In mutum ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa.

Takardar turawa sashen likitocin ƙwaƙwalwa ita ta fi ba mu wahala, kuma a gida wahalar take. Yayarmu ta ce ba za a kai Hajiya wurin mahaukata ba. Sai da kawunmu ya sa baki. Ranar da aka ba mu mako biyu ce a gaba, kuma sabon mara lafiya sai da safe. Abin da muka tarar mutane ne zaune a benci kamar kowane sashe, malamai da 'yan kasuwa da masu jego. Ganin farko ya ɗauki kusan minti 45. Likitan ya tambayi tarihin gida, rasuwar Alhaji, barci, ko ta taɓa yin kwanaki ba barci tana jin ƙarfi fiye da kima tana kashe kuɗi ba lissafi. Wannan tambayar tana da muhimmanci, don mai irin wancan ciwon in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya birkicewa. Ya yi mata ɗan gwajin tunani, ya tabbatar mantuwar ba ta tsufa ba ce. Ya kauce wa maganin damuwa mai suna amitiriftilin, wanda ya fi araha, saboda yana sa ƙiba da jiri da bushewar baki kuma bai cika dacewa da tsofaffi ba. Ya rubuta sataralin miligiram 25 na mako ɗaya, sannan 50, da safe bayan abinci, ya ce a sake gwajin gishirin jini bayan 'yan makonni don irin wannan magani kan saukar da shi a jikin dattijai. Ga wanda ke neman inda zai je, manyan asibitocin koyarwa na Arewa suna da wannan sashe, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Tun Janairun 2023 da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, mara lafiya na da haƙƙin a ɓoye sirrinsa kuma a yi masa bayanin jinyarsa.

Sashen masu ba da shawara kan abinci yana can wani lungu da ba kowa ya san da shi ba, kuma ba layi. Ku roƙi likita ya rubuta muku takarda zuwa can. Matar da muka samu ta karanta littafin awon nan shafi-shafi kafin ta ce komai. Farkon abin da ta rushe shi ne zancen tuwon alkama. Garin alkama mai laushi yana ɗaga suga kusan kamar sauran tuwo, don haka yawan malmalar ya fi irin hatsin muhimmanci. Ta zana faranti: rabi ganye da miya, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko ƙwai ko wake, sauran kashi ɗayan tuwo, gwargwadon dunƙulen hannun mai cin. Tuwon dawa, gero, masara ko acca duk an yarda, da miyar kuka, kuɓewa, alayyafo, ko kwaɗon zogale da rama da ƙuli-ƙuli. Karin kumallo dole ne, kafin takwas: dafaffen ƙwai ɗaya ko biyu, ko alale, ko ƙosai huɗu, da ƙaramin kofin kunu ba suga. Koko shi kaɗai yana shiga jini da gudu ya fita da gudu, in an haɗa shi da ƙosai ko ƙwai sai ya lafa. Wajen sha ɗaya a ci gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya ko kindirmo rabin kofi ba suga. Kifi sau biyu a mako, musamman mai maiƙo irin shawa da sadin. Hanta yanka biyu ko uku sau ɗaya a mako ya isa, domin giram 100 na hantar sa ya ninka bukatar B12 ta yini, wadda ita ce maikirogiram 2.4, sama da sau ashirin, yawaita ta kuma na tara bitamin A fiye da kima. Lemon kwalba ɗaya na ɗauke da kusan cokalin shayi tara na suga. Zuma ma suga ce, dabino kuma a ƙirga, kada ya wuce biyu ko uku. Shayi a bar tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci, don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

A kan goro muka fi daɗewa, don Hajiya ta ce komai za ta iya bari ban da shi. Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta ƙona ATP, wani ɓurɓushi mai suna adinosin na taruwa, shi ne ke gaya mata ta gaji, lokacin barci ya yi. Kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da shayi da gahawa, yana toshe wuraren da adinosin ke sauka, sai mutum ya daina jin saƙon gajiyar alhali gajiyar na nan. Bayan kusan awa biyar rabin kafeyin ɗin na nan a jini. Goron la'asar da na bayan magariba ke nan suna cikin abin da ke cin barcinta. Aka daidaita a kan ɓari ɗaya da safe bayan karin kumallo, ba a ƙara bayan azahar. Wannan adinosin ɗin masana na bibiyarsa sosai yanzu. A 2025 wasu masu bincike a Beijin ta ƙasar Sin sun nuna a jikin ɓeraye cewa ketamin da jinyar lantarki, waɗanda ake amfani da su ga damuwa mai taurin kai, dukansu suna ɗaga adinosin a gaban ƙwaƙwalwa, kuma in aka toshe hanyarsa amfaninsu kan ɓace. A kan abinci kuwa, a 2017 Farfesa Felice Jacka da abokan aikinta a Jami'ar Deakin ta Ostireliya sun gwada mutum 67 masu ciwon damuwa na mako 12. Cikin waɗanda aka gyara wa abinci, kusan kashi 32 cikin ɗari alamominsu sun kwanta, a ɗaya rukunin kashi 8. Mutanen kaɗan ne, kuma yawancinsu suna kan magani ko ganin likita a lokacin, don haka gyaran abincin ƙari ne a kan jinya. Na faɗi wannan ne saboda bidiyon da ke yawo a WhatsApp masu cewa a bar duk wani tuwo da shinkafa a koma nama da mai, damuwa za ta tafi. Mai shan maganin da ke kayar da suga ko mai allurar insulin in ya yi haka da kansa, suma ce ke jiransa.

Mako biyun farko na sataralin ba daɗi. Tashin zuciya, ɗan ciwon kai, kuma ba wani sauƙi da ake gani. A kwana na tara Hajiya ta ɓoye maganin ta ce yana ƙara mata ciwo, ba mu gane ba sai da muka ƙirga ƙwayoyin. Aka kira likitan, ya ce a koma 25 na kwana biyar a sake hawa. Irin wannan magani ba ya fara nuna aiki sai mako biyu zuwa huɗu, cikakken aikinsa kuma shida zuwa takwas, illolin farko kuwa kan lafa da kansu. Rawar jikin sha ɗaya ita ta fara tafiya, cikin makon da aka canza maganin suga. Barci ya fara gyaruwa a mako na huɗu. A mako na shida makinta ya sauko 11, ta tambayi ina rediyonta. A wata na uku ya zama 6, ta koma Islamiyya, lambobin bayan abinci sun tsaya tsakanin 8 da 10. Ƙafafun su ne suka fi jinkiri, dindiris ɗin ya ragu amma bai tafi duka ba, likita kuma ta ce jijiyar da ta daɗe cikin ƙaranci ba lallai ta dawo yadda take ba, ga shi suga ma na taɓa ta. Ba wanda zai iya rarrabe wane kaso na sauƙin daga allura ne, wane daga ƙwaya, wane daga faranti, tunda tare aka yi su. Maganin damuwar za ta ci gaba da sha aƙalla wata tara bayan ta warware, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake saukewa.

Da za a mayar da mu farko, da mako ɗaya kafin zuwa asibiti za mu fara littafin awon suga da na abinci, mu shiga wurin likita da shi da ledar magunguna da takardar alamomi, mu furta kalmar damuwa da bakinmu tun a minti na farko. Da mun nemi a haɗa B12 da TSH cikin gwajin farko kafin a sha wani maganin ƙarin jini ko a yi wata allura, mun kuma karɓi takardar sashen ƙwaƙwalwa da ta sashen abinci rana ɗaya, don jiran ranakun ya tafi tare. Duk wanda ke da dattijo a gida da ya haura shekara huɗu a kan metfomin, ya tambayi likita yaushe rabon da a auna masa B12, ko da bai nuna komai ba. In kuma mara lafiya ya fara zancen gara ya mutu, ko ya daina ci da sha, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati, sashen gaggawa ake zuwa a ranar, a kuma kwashe magunguna da maganin ƙwari daga ɗakinsa.

Abin da ke gabanmu yanzu azumi ne. An ce mu dawo mako shida zuwa takwas kafin Ramadan a sake tsara lokutan magani: gilikilazaid zai koma lokacin buɗa-baki, sataralin bayan sahur ko bayan buɗa-baki, sahur kuma a jinkirta shi a sa ƙwai ko wake a ciki. Za a riƙa auna suga da rana, tsira yatsa ba ya karya azumi. In ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6, za ta sha ruwa a ranar ta rama daga baya. Hajiya ta ce sai ta ji daga bakin malaminsu na Islamiyya tukuna, don haka ranar Asabar za mu je wurinsa da takardar likita.